Wa'azin Kirsimetin da Mama Kaɗai Ta Ji

A wannan makon mahaifina, Malam Istifanus, yake cika shekara takwas da rasuwa. Mai bishara ne a wata majami'a a Orozo, a kan hanyar Karshi, kuma manomin doya ne tun kafin ya fara wa'azi har ranar da ya faɗi. Duk shekara idan wannan mako ya zagayo, 'yan'uwana kan sa hotonsa a waya su rubuta masa kalmomi masu daɗi, ni kuma in yi gum. Bana na ce ba zan yi shiru ba, amma ba yabonsa na zo yi ba. Masu yabonsa suna da yawa, har da waɗanda ba su taɓa zama sun ji wa'azinsa har ƙarshe ba. Na zo ne in faɗi abin da ya sami wa'azinsa na ƙarshe, domin da hannuna a ciki.

Baba bai yi karatu mai zurfi ba. Makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Hausa ya yi, ya dawo gida ya ci gaba da noma yana kiwon ikilisiya. Mu Gbagyi ne, Hausa ba ita muke yi a ɗaki ba. Amma a majami'armu ta dā ita ce ta haɗa kowa, daga 'yan ƙasa har mutanen Filato da na kudancin Kaduna da neman abinci ya kawo su Abuja. Kowa da irin karkatacciyar Hausarsa, kuma a haka muke jin juna sarai.

Yana da wata ɗabi'a da take ba mu dariya muna yara. Ba ya hawa mumbari da wa'azin da bai fara bi ta kunnen Mama ba. Mahaifiyarmu, Laraba, ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta iya karantawa. Ranar Alhamis ko Juma'a da la'asar tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana feraye doya, shi kuma sai ya tsaya a gindin mangwaron tsakar gida ya yi mata wa'azin Lahadi tun daga gaisuwa har amin. In ya gama sai ya ce, "To Laraba, me na ce?" In ta maimaita masa da bakinta, shi ke nan, wa'azi ya nuna. In kuwa ta ce, "Ni dai na ji kana ta magana," sai ya koma ɗaki ya sake lale. Ba ta jin tausayinsa ko kaɗan. Na sha ganin ta mayar da shi sau uku a kan wa'azi ɗaya, ba tare da ta ɗaga kai daga kan wuƙarta ba. Shi kuwa cewa yake, abin da Laraba ba ta ɗauka ba, rabin majami'a ba su ɗauka ba, kunya ce kawai take hana su faɗa.

Sannan ba ya magana a kan sana'ar da bai tambayi masu ita ba. Da zai yi wa'azi a kan masuntan da aka kira suka bar tarunsu, mota ya hau har kasuwar kifi ta Kado, ya wuni yana damun mutane da tambaya. Ya dawo yana ƙarnin kifi, Mama ta hana shi shiga ɗaki sai da ya yi wanka.

A hankali Orozo ta cika. Ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga cikin gari suka yi ta zuwa, gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje. Majami'a ta bunƙasa, aka gina sabuwa mai tayil da fankoki a gaban tsohuwar, aka turo mana fasto mai digiri. Sujadar Turanci ta ɗauki ƙarfe tara da sabon gini, ta Hausa kuma aka mayar da ita ƙarfe shida da rabi na safe a tsohon ginin da Baba da su Mama suka ɗebo wa ƙasa da kafaɗunsu. Ban ce laifi ne a yi sujada da Turanci ba, ni ma da shi nake cin abinci. Baba ma bai taɓa cewa uffan ba. Abu ɗaya ya rage masa a gaban kowa da kowa, shi ne wa'azin ranar Kirsimeti, wanda ya saba yi da Hausa tun ban san kaina ba.

A shekarar da nake magana, kwamiti ya yanke cewa za a haɗa sujadar Kirsimeti wuri ɗaya domin haɗin kai. Za a gayyato babban baƙo daga wata majami'a a Jabi ya yi wa'azi da Turanci, sannan a ba Baba minti goma ya yi nasa da Hausa. Ina cikin wannan kwamiti. Na gama jami'a, na sami aiki a wata ma'aikata a cikin gari, ina jin kaina yadda ya kamata. Ni ce ma na kawo shawarar kati, domin na ga ana yi a wani taron ofis ya burge ni. Kore yana nufin saura minti biyar, ruwan ɗorawa saura minti ɗaya, ja kuma lokaci ya cika. Da hannuna na yanka su daga kwali, na zauna na rubuta musu manyan baƙaƙe. Aka yi ta yaba mini, aka ce yanzu majami'armu ta waye.

Da na gaya wa Baba minti goma ne rabonsa, na ɗauka zai ɓata rai. Dariya ya yi, ya ce minti goma sun ishi mai abin faɗa. Roƙo ɗaya kawai ya yi wa kwamiti. A majami'armu, kamar sauran majami'u da yawa, matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, su ne suke dafa abincin Kirsimeti na ikilisiya duka. Tun asuba suke bayan gini da manyan tukwane da itace, ba sa gamawa sai an tashi. Ma'ana, Mama da ƙawayenta sun shekara fiye da talatin suna jiyo waƙoƙin Kirsimeti ta taga, ba su taɓa zama sun ji wa'azin ranar a cikin majami'a ba. Babu wanda ya taɓa ganin wannan a matsayin wani abu, har da ni da nake cin shinkafar. Baba ya ce idan lokacinsa ya yi, a aika a kira su su shigo. Aka ce ba matsala.

Ya ɗauki wa'azin nan da gaske fiye da kowanne da na sani. Labarin makiyayan da aka fara yi wa albishir ɗin haihuwar Yesu ya zaɓa, don haka sai da ya je wurin makiyayi. A bayan rafinmu a lokacin akwai rugar Fulani, kuma shugabanta, Jauro Buba, abokin Baba ne na shekaru. Musulmi ne mai riƙo da salla. Bayan girbi shanunsa ne suke cin karan gonarmu su bar mana taki, wata shekarar su shiga da wuri a yi cacar baki, bayan kwana biyu a shirya. Shi ne kuma yake yanka mana akuyar Kirsimeti domin kowa a unguwa ya iya ci. Yamma uku a jere Baba yana tsallaka rafi zuwa wurinsa.

A rana ta uku ya same ni a ƙofar gida ina goge takalmin aiki.

Ya ce, "Rahila, ke da kika yi jami'a. Makiyayan nan da suka tashi suka tafi Baitalami ganin jariri, wa ya zauna da tumakin?"

Na ce, "Baba, ai ba a rubuta ba."

"Na san ba a rubuta ba. Amma Jauro ya ce babu makiyayin da zai bar garke ba kowa, ko da sarkin duniya aka haifa. Dole wani ya zauna."

"To sai me ya ce kuma?"

Ya yi murmushin nan nasa na mai ɓoye nama a aljihu. "Sai ranar. Ke dai mai kati, ki ba ni minti gomana cif."

Sau biyu Mama tana mayar da shi a kan wa'azin. A karo na uku ina wurin aiki, amma da na dawo na tarar yana ta fara'a, ita kuma tana share ido da bakin zane tana cewa hayaƙi ne. A tsakar gidan kuwa ko wuta ba a hura ba.

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika har waje. Baƙo ya iso a makare cikin baƙar mota, da mutum biyu a bayansa, ɗaya yana riƙe masa Littafi ɗaya yana riƙe masa ruwa. Minti arba'in aka ba shi. Ya yi magana a kan ƙofofin da za su buɗe a sabuwar shekara, da ƙarin girma a wurin aiki, da maƙiyan da za su ji kunya. Jaririn da muka taru dominsa ya leƙo cikin wa'azin sau ɗaya ko biyu ya koma. Ina zaune a layin gaba da katunana a cinya. Da lokaci ya yi na ɗaga koren, rabi-rabi. Ya kalle ni, ya juya ga jama'a ya ce da Turanci babu mai sa wa Ruhu agogo. Aka ɗauki tafi da ihu. Na mayar da katina cinya, ban sake ɗaga masa komai ba har ya cika awa ɗaya da rabi ya sauka don kansa.

Sai Fasto ya sunkuyo wajen kunnena. "Sista Rahila, Baba minti biyu kawai, don Allah. Oga zai wuce wani furogiram, ga hoto ba a ɗauka ba, abinci kuma yana hucewa."

Na ce to.

An riga an aika wa matan. Suka shigo ta ƙofar baya suna goge hannu a zane, idanunsu jajur da hayaƙi. Babu wurin zama, sai suka jeru a jikin bango a tsaye. Mama tana cikinsu, ta ma sake ɗaura ɗankwali. Baba ya hau mumbari da farar rigarsa da ya ajiye don ranar. Ya gaida ikilisiya yadda dattijo yake gaisuwa, ba gaggawa. Ya gaida matan da ke bango, ya ce sannunku da wuta. Ya ba da labarin makiyayan a taƙaice, sannan ya yi tambayarsa: da suka tashi suka tafi, wa ya zauna da tumakin? Ya yi shiru, domin haka yake yi, yakan bar tambaya ta zauna a cikin mutane kafin ya ci gaba. Majami'a ta yi tsit, har waɗanda Hausarsu ba ta da ƙarfi sun ɗago kai.

A cikin wannan shirun na ɗaga jan kati. Ban bi ta kan kore ba, ban bi ta kan ruwan ɗorawa ba. Kuma wannan karon na ɗaga shi sama sosai yadda kowa zai ga ina aikina.

Baba ya gyara tabarau ya karanta abin da na rubuta. Ya dube ni. Sannan ya ninke 'yar takardarsa ya sa a cikin Littafinsa, ya ce, "'Yata ta ce lokaci ya cika, ita ce mai agogo. Allah ya ba mu albarkar Kirsimeti." Jama'a suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne tsakanin uba da 'ya. Masu kiɗa suka saki ganga, aka tashi rawar godiya. Matan nan suka juya ɗaya bayan ɗaya suka koma wa tukwanensu. Mama ce ta ƙarshe da ta fita, kuma ba shi take kallo ba, ni take kallo.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa umarni na bi. Ƙarya ce, ko kuma rabin gaskiya. Baƙon da ya cinye lokacin kowa na ji tsoronsa, don yana da mota da masu riƙe masa ruwa. Mahaifina kuwa na san zai bi doka, na san ba zai kunyata ni a gaban mutane ba, shi ya sa na sami ƙarfin hali a kansa. Wannan shi ne abin da yake cina, kuma shekara takwas ba su rage masa ɗaci ba.

Muka koma gida. Ya ci abinci, ya yaba miya, ya ɗauki kwanon Jauro ya kai masa da kansa kamar kullum. Da ya dawo na same shi a gindin mangwaro, na fara cewa, "Baba, Fasto ne ya ce…" Ya ɗaga mini hannu. "Na gani. Kin yi aikin da aka sa ki. Wa'azi ba tumatir ba ne da zai ruɓe, sai baɗi in Allah ya kai mu." Da zai zage ni da na fi jin daɗi. Mako uku bayan haka ya faɗi a gona yana duba irin doya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Hawan jini ne, ya daɗe da shi, ba zan ce katina ne ya kashe shi ba. Abin da katina ya yi dabam ne, kuma ya ishe ni.

A wurin jana'izarsa an yi jawabai na awa uku. Babu wanda ya ɗaga wa kowa kati.

Bayan an watse na buɗe Littafinsa na ciro takardar, ina tsammanin zan sami wa'azin a rubuce. Na manta Baba ba ya rubuta wa'azi, a ka yake riƙewa. Lambar aya ce a sama, sai kalmomi uku a ƙasa, kowacce a layinta: tumaki, Jauro, tukwane. Ba sai an gaya mini ba, na gane don matan nan ya shirya shi, su ne waɗanda suke zama da tumaki kowace shekara mu kuma mu tafi ganin jariri. Amma me Jauro ya gaya masa game da wanda yake zama? Me Baba ya so ya faɗa wa matan da har ya sa Mama kuka, matar da ko a ranar da aka binne shi sai da ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa kafin ta yi? Wannan babu shi a takarda. Mutum ɗaya ne ya ji wa'azin daga farko har ƙarshe ya kuma maimaita shi da bakinsa, ita ce Mama.

Kirsimetin farko bayan rasuwarsa ta kira ni. Hausar Mama ba ta raba namiji da mace, kowa "kai" ne a bakinta, har ni. Ta ce, "Rahila, zo ka zauna ka ji abin da babanka ya so ya faɗa." Na ce, "Ba yanzu ba, Mama, ana jirana a majami'a." Ba wanda yake jirana. Kunya ce da tsoro, ban iya zama in ji abin da na katse ba. Ba ta sake kirana a kan maganar ba, ni kuma na riƙa cewa baɗi, kamar yadda shi ma ya ce.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai ga Kirsimetinmu na yanzu. Tun farkon Disamba ake fara shagali. Akwai daren waƙoƙi, akwai bishiyar roba mai fitilu da ta kusa taɓa silin, akwai wani da ake cusa wa jar riga da farin gemu yana zufa yana raba wa yara alewa. Kowace ƙungiya da ankonta. An kafa manyan allunan majigi biyu domin na baya su ga fuskar mai wa'azi, kuma katunana sun zama tsohon yayi, yanzu agogo ne mai jan lamba a bangon baya, wanda har yau ban ga ya tsayar da wani babban baƙo ba. Wa'azin Hausa na ranar Kirsimeti an daina shi gaba ɗaya, an ce za a riƙa taƙaitawa in lokaci ya ba da dama. Lokaci bai taɓa ba da dama ba.

Abinci ma yanzu masu dafawa na haya ake kira, su kawo shi a robobi. Aka ce an hutar da iyayenmu mata, yanzu za su zauna a ciki su ji wa'azi kamar kowa. Suna zaune kuwa, a layin baya, cikin anko mai kyau, ana yi musu Turanci daga farko har ƙarshe. In an yi tafi su yi tafi, in an ce a juya a gaya wa maƙwabci wani abu su juya su yi wa juna murmushi. Shekaru uku da suka wuce na yi wa Mama tambayar Baba a hanyar gida, na ce me aka ce yau? Ta ce, "Na ji Yesu, na ji amin." An shigo da su ciki bayan an ɗauke abin da za su ji.

Ba na jin Baba zai yi faɗa da fitilu ko da ganga, mutum ne mai son biki, shi yake fara tashi rawa in mata suka buga tulu. Ina jin zai tsaya ne a bakin ƙofa bayan an tashi, ya tare tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya ya ce, me aka ce? Sannan ya je ya gaya wa mai wa'azin amsar da ya samu, cikin ladabi, ya bar shi da ita. Ina roƙon masu hawa mumbari a wannan gari, waɗanda suke karanta wannan shafi, su gwada hakan ko sau ɗaya. Ba na tsammanin za su yi, na zauna a kwamiti na san yadda muke.

Bara na yi ƙarfin hali na tsallaka rafi neman Jauro, na ce ko shi zai tuna abin da ya gaya wa abokinsa. Katanga na tarar, da ƙofar ƙarfe da mai gadi, an yi rukunin gidaje a wurin. Mai gadin bai taɓa jin an yi ruga a nan ba. Wani mai sayar da nono ya ce mini sun yi gaba tuntuni, wajen Nasarawa, tsohon kuma ba ya jin yana da rai.

Me ya rage na Malam Istifanus? An rubuta sunansa a jikin wani dutse a bangon sabon gini, cikin waɗanda suka kafa ikilisiya, da Turanci. Tsohon ginin ya zama ma'ajin kujeru. Mangwaron yana nan. Akwai tsofaffi da har yau in sun gan ni sukan maimaita mini wani wa'azinsa na shekara ashirin da suka wuce, kusan kalma da kalma, kuma na san dalili, domin kowanne sai da ya bi ta kunnen Mama kafin ya iso nasu. Wannan shi ne gadonsa na gaske, kuma yana tafiya kabari ɗaya bayan ɗaya tare da masu riƙe da shi. Wa'azi ɗaya ne bai kai ga kowa ba, shi ne wanda na tare.

Shekara biyu ke nan Mama ta fara mantuwa. Da farko maɓalli ne da sunayen jikoki, yanzu takan tambaye ni ko Baba ya dawo daga gona. Wani lokaci ta san ni, wani lokaci ta ɗauke ni ƙanwarta. Sai da na ga haka hankalina ya tashi, na gane abin da nake ta ɗagawa zuwa baɗi yana zube mini a gaban ido. Kirsimetin da ya wuce ban je majami'a ba. Na zaunar da ita a gindin mangwaro da hantsi, na ba ta doya da wuƙa don hannunta ya tuna, na kunna abin ɗaukar murya a wayata. Na ce, "Mama, wa'azin Baba na makiyaya, me ya ce?"

Ta ci gaba da feraye doyar har na fid da rai. Can sai ta fara, kuma da muryarsa ta fara, da irin jan numfashinsa. Ta yi gaisuwar. Ta ce sannunku da wuta. Ta ba da labarin makiyayan, ta yi tambayar, har shirun da yake yi sai da ta yi. Ta ci gaba, "Sai na je wurin Jauro na ce, Jauro, in ku ne, wa kuke bari da garke? Sai Jauro ya yi dariya, ya ce mini…"

Wuƙar ta tsaya a jikin doyar. Ta dubi mangwaro, ta dubi hannunta. Leɓenta yana motsi, babu abin da ya fito.

Na ce, "Ya ce me, Mama?"

Ta ce, "Ya ce… Ka bari, babanka zai faɗa da kansa. An ce za a ba shi minti goma, za a kira mu mu shiga."

Na sake gwadawa da yamma, na gwada washegari, na gwada ranar sabuwar shekara. Kullum a nan take tsayawa, a kan dariyar Jauro. Muryar tana cikin wayata, minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, kusan daidai da abin da na bar shi ya faɗa a mumbari.

A gwajin ƙarshe, bayan ta tsaya, sai ta ɓata fuska kamar ta tuna wani abu mara daɗi. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Da ya faɗa tuntuni. Wani yarinya ne ya hana shi, ya ɗaga masa jan takarda a gaban mutane. Ba kunya. Ko 'yar gidan wane ne, oho." Ta kama hannuna, na dama. "Kai ka san shi?"

Na ce, "Na san ta, Mama."

Ta ce, "To in ka gan shi, ka ce ya bari tsoho ya gama magana."

Na ce zan gaya mata. Ta koma kan doyarta.